Asalin ruwan MMS da ake kira maganin iskar oksijin

Malam, ka tambayi inda MMS (Miracle Mineral Solution, wani ruwa da ake sayarwa da sunan magani) ya samo asali, da ko gaskiya ne yana ƙara wa jini iskar oksijin.

Wani Ba'amurke ne mai suna Jim Humble ya fito da shi. Ba likita ba ne, mai neman zinariya ne. A cewarsa, a 1996 yana dajin Guyana zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ma'aikatansa, sai ya ɗiga musu maganin tsarkake ruwan sha, wai suka miƙe cikin 'yan sa'o'i. Shaidar dai bakinsa ne kawai. A 2006 ya buga littafi a kai, kasuwa ta buɗe.

Abin da ke cikin kwalbar sinadarin sodium chlorite ne. Idan an haɗa shi da ruwan lemun tsami sai ya yi rawaya, ya tashi da warin bilic, domin ya koma chlorine dioxide, wanda masana'antu ke farar da takarda da shi. Oksijin kuwa ta huhu yake shiga jini, ba ta ciki ba.

Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2010, ta sake a 2019, cewa shan MMS yana jawo amai, gudawa, faɗuwar bugun jini mai haɗari. A 2023 kotu a Miami ta ɗaure wani Ba'amurke mai suna Mark Grenon da 'ya'yansa uku kan sayar da shi. Ni dai ko ɗigo ba zan ba yaro ba.