Mai ruƙiyya ya ce a tsayar wa ɗana da maganin farfaɗiya

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ɗana mai shekara 16 yana da farfaɗiya, yana shan phenobarbital, kuma ya daɗe bai faɗi ba, sai dai karatunsa ya ja baya. Mai yi masa ruƙiyya ya ce ƙwayar ce ke daƙushe masa ƙwaƙwalwa, tana kuma hana aljanin fita, don haka a tsayar da ita kwana 40, sannan ya ba mu garin maganin basira saboda jarrabawar WAEC. Ina tsoron in ƙi in zama mai raunin tawakkali, ina tsoron in bi in cuci ɗana.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya. Kada ki tsayar da maganin nan ko da na kwana ɗaya.

Wannan zance na cewa ƙwayar asibiti da ayar Allah ba sa haɗuwa a jiki ɗaya, yana cikin abubuwan da ke cika mana gadajen asibiti, kuma na gaji da jin sa. Ƙwaƙwalwar da ta saba da phenobarbital, idan aka yanke mata shi farat ɗaya, tana iya shiga farfaɗiyar da ba ta tsayawa, wani faɗuwa na bin wani ba tare da yaro ya farfaɗo ba, kuma duk jijjigar da ta wuce minti 5 tana iya lalata ƙwaƙwalwa ko ta kai ga rasa rai. A wannan lokacin ne mai ruƙiyya zai ce aljanin ne ke fita, a ƙara hayaƙi, alhali numfashin yaro ne ke sarƙewa. Ni ba na hana addu'a. A yi masa tofi, a karanta masa Alƙur'ani safe da yamma, babu ɗayansu da ke rage ƙarfin magani. Amma wanda ya gindaya sharaɗin barin magani ya ɗauki ran ɗan wani ya yi gwaji da shi, kuma ba shi zai kwana a asibiti ba idan abu ya ɓaci. Ya zo a Sahihul Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani, to ina raunin tawakkali ga uwar da ta nemi maganin? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa idan suka samu maganin da ya dace.

Batun karatu kuwa akwai ƙamshin gaskiya, domin phenobarbital yana sa barci da nauyin tunani, amma likitansa ne zai rage shi ko ya sauya masa wani sannu a hankali. Garin basirar da ba a san abin da ke cikinsa ba, kada ya sha. Magungunan kaifin hankali irin su methylphenidate, da ɗaliban jami'a a Amurka ke sha don jarrabawa, an yi su ne don masu wata lalura, kuma ba su ƙara wa mai lafiya basira. Ki kuma sa ido kan tramadol da samari ke ba juna don raba dare suna karatu, saboda shi kansa yana tayar da farfaɗiya, haka ma rashin barci.

Ki kai shi asibiti a makon nan da kwalin maganinsa da garin da aka ba ku, ki bar shi ya yi wa likita bayani da bakinsa, domin ɗan shekara 16 yana da haƙƙin a ji ta bakinsa kan abin da ake zuba masa a jiki.