Mai ganga yana kan 33, mai begila yana kan 17: wace lamba ce daidai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne nake koyar da 'yan badujala a wata sakandare da ke wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim. Na rubuta kiɗan faretin 1 ga Oktoba da MuseScore, manhajar rubuta kiɗa a kwamfuta. Kashin farko gaɓa 16 ne (gaɓa ita ce “bar”, yankin kiɗa da ke tsakanin layuka biyu na tsaye a takarda), ana maimaita shi. Mai ƙaramar ganga kuwa bugu ɗaya yake ta yi, shi ya sa na cika masa takarda da alamar maimaici, amma kullum sai ya ɓace a lissafi. Na kai wa wani yaro mai shagon kwamfuta a cikin gari ya sa lambobi, yanzu in na ce a ɗauko daga 17, kowa inda yake kamawa daban. Lokaci ya ƙure, ina tsoron mu sha kunya a gaban hakimi. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka, aikin yamma ɗaya ne in akwai caji a kwamfutar. Lambobi iri biyu aka cakuɗa maka.

Bari mu sallami mai ganga tukuna. Abin da yake buƙata shi ne 'yar ƙaramar lambar da ke hawa kan alamar maimaici, mai gaya masa bugu na nawa yake. Tun daga MuseScore 4, wadda ta fito a Disamban 2022, manhajar da kanta take sa wannan. Shiga Format, sai Style, ka nemi Measure repeats, ka kunna ƙirgen, ka bar shi bayan kowace gaɓa huɗu. Yaro zai ga 4, 8, 12, 16, kuma dama kiɗan fareti a hurhuɗu yake tafiya. A al'adar rubutun kiɗa gaɓar da aka rubuta a cike ita ce ta ɗaya, alamar farko ta biyu ce. Haka Dorico, wata manhajar rubutun kiɗa, ma take ƙirgawa, shi ya sa 4 take faɗowa a kan alama ta uku. Ka bi da yatsa ka tabbatar kafin ka buga takardar. In bugun mai gaɓa biyu ne, akwai alamarsa daban a manhajar, har da ta gaɓa huɗu.

Sai kuma ɓarnar da aka yi maka, wadda kusan kullum sai an kawo mini irinta. Akwai masu ɗaukar cewa lambar gaɓa tana bin kunne: tunda an kaɗa gaɓa 16 sau biyu, wai ta gaba ita ce 33. Ba haka ba ne. Lambar tana bin takarda. In ka karanta shafi na 16 a littafi sau biyu, na gabansa dai 17 ne. Amfanin lambar guda ɗaya ne tak, ka tsaya a gaban yara talatin ka ce “daga 17”, kowa ya sa ido wuri ɗaya. Da zarar takardar mai ganga ta ce 33, ta mai begila ta ce 17, gara ma a ce babu lambar sam, don mara lamba zai ɗaga kai ya tambaya, mai lambar ƙarya kuwa da ƙarfinsa zai shiga.

Na san inda wannan fahimta ta samo asali. Yaran situdiyo ne. Sun saba da manhajojin haɗa kiɗa irin su FL Studio da Cubase, inda kiɗa ke miƙewa daga hagu zuwa dama, maimaici ma kwafa ake yi a manna, don haka a wurinsu 33 gaskiya ce. Manhajojin rubutun kiɗa irin su Sibelius da Dorico suna da zaɓin ƙirga maimaici, kuma yana da ranarsa: lokacin da ake naɗar kiɗan fim, takarda na tafiya tare da na'ura. Filin makaranta ba wurinsa ba ne. Amma wanda ya iya haɗa bugu a situdiyo sai ya ɗauka ya iya rubutun kiɗa, ya karɓi kuɗin mutum ya dagula masa aiki.

Kuma ina kyautata zaton da hannu mai shagon kwamfutar ya rubuta lambobin nan, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai buga wasiƙa. Danna ɗaya ka gani. In ta buɗe kana iya gogewa ka rubuta sunanka a wurin, to rubutun hannu ne. Irin wannan lamba a manne take kawai, ba ta san lissafi ba. Gobe ka ƙara gaɓa biyu a tsakiya, duk na bayansu sun zama ƙarya, manhaja kuma ba za ta ce maka uffan ba. Wasu ma har shiga akwatin bayanan gaɓa (Measure properties) suke yi su ƙara 16 a kan lambar don ta “daidaita”. Haba! Wancan akwatin an yi shi ne don gyaran da ba makawa, ba don toshe rami ba.

Goge lambobin hannun nan kaf. Duba bayanan gaɓa ta 17, in an ƙara wani abu mayar da shi sifili. Kunna lambobin manhajar, su fito a farkon kowane layi. In kiɗan ya fara da guntuwar gaɓa ta ɗauko, wato 'yan sautukan da ke zuwa kafin cikakkiyar gaɓar farko, ba a ƙirga ta. A cikin bayananta akwai wurin cire ta daga lissafi, kuma wannan kaɗai kan sa takardu su saɓa da lamba ɗaya. In kashin da ake maimaitawa yana da ƙarshe na ɗaya da na biyu, wato kowane zagaye da yadda yake ƙarewa, bar su su bi jeri kamar yadda manhaja ta sa. Wasu mawallafa kan rubuta 16a da 16b, ba laifi ba ne, amma ba ka da lokacin wannan. Sannan ka fitar da takardar kowane yaro daga babbar takardar, kada a sake buga ta mai ganga ita kaɗai a wani fayil. A wurin atisaye, in kana nufin zagaye na biyu, ce “daga 9, karo na biyu”.

Masu cewa a WhatsApp sai ka sayi Sibelius ta sata kafin lambobi su zauna, ka bar su da faifansu da ƙwayoyin cutar da ke ciki. MuseScore kyauta ce, kuma ta isa wannan aiki. Tsofaffin takardun kuwa ka karɓe su daga hannun yara kafin ka raba sababbi, har wadda wani ya ninke ya cusa a aljihu.