Likita Ya Amsa Tambayoyinku Kan Mafarki

Fassarar mafarki fagen malamai ne. Hadisi ya kasa shi gida uku: na bushara daga Allah, na tsoratarwa daga Shaiɗan, da wanda zuciya ke saƙa wa mutum. Nawa aikin shi ne in faɗa muku abin da jiki ke yi a lokacin, da kuma inda ya kamata a zo asibiti.

Tambaya: Likita, nakan farka gab da asuba in ji an danne ni, ina ji ina gani amma ba motsi ba magana. Har nakan ga kamar mutum a bakin ƙofa. An ce aljanu ne. (Ɗalibi daga Kabuga)

Amsa: Dannau ke nan, ɗana, kuma ba kai kaɗai ba ne. Barci hawa-hawa ne, yana zagayowa kusan duk minti 90. Akwai matakin da idanu ke ta motsi alhali suna rufe, wanda masu bincike a Jami'ar Shikago ta Amurka suka bayyana a 1953. A nan aka fi yin mafarki, kuma ya fi tsawo idan asuba ta kusa. A wannan mataki ƙwaƙwalwa kan ɗaure gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Idan ka farka kafin ta sake su, sai ka tsinci kanka ido biyu jiki a ɗaure. Mutumin bakin ƙofar ragowar mafarkin ne.

Na san tsoron ba kaɗan ba ne, amma ba ya wuce 'yan daƙiƙu ko mintuna, kuma numfashinka na tafiya. Ƙarancin barci, raba dare wajen karatu, damuwa da kwanciya rigingine ne ke yawan jawo shi. Ka yi addu'arka, ka kwanta ta gefe, ka samu aƙalla awa 7, ka bar shayi da waya da dare. In ya zo, ka fara da ƙoƙarin motsa yatsa ɗaya. Idan kuwa barci na sace ka da rana ba shiri, ko kana cikin magana, wannan sai an duba ka.

Tambaya: Ɗana mai shekara 4 yakan tashi da ihu farkon dare, ido a buɗe, bai san ni ba. Da safe ba ya tuna komai. (Wata uwa daga Fagge)

Amsa: Malama, wannan firgitar barci ce, ta sha bamban da mugun mafarki. Mai mugun mafarki yakan farka sosai, ya gane ki, ya ba ki labari. Shi kuwa naki yana cikin barci mai nauyi. Kada ki girgiza shi ko ki yayyafa masa ruwa, ki tsare shi kawai kada ya ji ciwo. Gajiya da zazzaɓi na ƙara ta, yawanci kuma tana wucewa da girma. Amma in kin ga sanƙarewa ko jijjiga, ki kai shi asibiti a tabbatar ba farfaɗiya ba ce.

Tambaya: Ina yawan mafarkin saduwa in tashi da janaba. An ce zai hana ni haihuwa. (Matashi daga Gwammaja)

Amsa: Ba ya hanawa, ba ya kuma rage ƙarfi. Ka yi wankanka, kada ka kashe kuɗi kan magungunan bakin titi. Zafin fitsari ko fitar mugunya ne ke buƙatar gwaji.

Tambaya: Maigidana ya haura shekara 60. Yanzu yakan yi mafarkin faɗa, ya kai naushi da shuri har ya faɗo daga gado. (Hajiya daga Yakasai)

Amsa: Hajiya, wannan ce ta fi tsaya min a rai. Ɗaurin gaɓoɓin da na ambata ne ya daina aiki, shi ya sa yake aikata mafarkin. A wajen dattawa, hakan kan riga cutar karkarwa ta Parkinson zuwa da shekaru, ko da yake wasu magungunan damuwa ma suna jawo shi. Ku je Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ku ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ku tafi da duk magungunan da yake sha. Ke za ki yi bayani, don shi bai ga kansa ba. Kafin ranar, a sauke masa katifa ƙasa, a kawar da duk abin da zai iya yankarsa, ke ma ki ɗan raba shimfiɗa da shi.