Amsa ga mai tambaya kan 'yan tsakin da ta sayo: wane iri ne, kuma maza ne ko mata?

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kin ce kin sayo 'yan tsaki 12 a kasuwa, yau satinsu biyu, launinsu barkatai, mai sayarwa kuma ya rantse miki duk mata ne. To, rantsuwar nan ki ajiye ta gefe tukuna.

Tunda akwai baƙi, akwai ja, akwai mai rodi-rodi, kuma kin ce ƙafafunsu kauri gare su, cin abinci kamar ba gobe, zuciyata ta fi karkata ga maja, wato Noiler, wadda gonar Amo ta Awe a jihar Oyo ke ƙyanƙyashewa. Burela, wato kajin da ake kiwo don nama, farare ne fat, a sati shida sun kai yanka. Kajin gida kuwa ƙananan jiki gare su da tsoron mutum, kina matsowa sun watse. A cikinsu ne ake samun durgu mai gajeren ƙafa, da mai wuya ba gashi, da kazar Fulani da ta ɗan fi sauran girma.

Maganar mace da namiji, a nan ake cin kuɗin mutane. Gane mace da namiji ta launi yana aiki ne a wasu irin kaji kawai, galibi kajin ƙwai. ISA Brown, alal misali, tun ranar ƙyanƙyasa macen ja-ja take, namijin fari-fari. Ni wannan ilimin da kuɗina na saye shi. Shekarar da na fara kiwo wani mai yawo da kwali ya sayar mini da 20 a farashi mai daɗi, wai masu ƙwai ne. Masu ƙwan ne kam, amma mazansu, waɗanda gidajen ƙyanƙyasa ke rabuwa da su da araha. Wata huɗu ina zuba dusa, ranar nan da asuba akurki ya kaure da cara. Har yau maiɗakina ba ta bar yi mini tsiya ba.

Maja da kajin gida sai haƙuri. Daga sati huɗu zuwa shida ki riƙa duban zanko: na namiji zai riga tasowa ya yi ja, naman ƙarƙashin baki ya fara leƙowa, na mace kuwa yana nan ƙarami, kodaɗɗe. Namiji ya fi tsawon ƙafa, yana tafiya da ɗaga ƙirji, ga neman faɗa. Amma ki gwada tsako da ɗan'uwansa mai irin jikinsa, don wata macen maja ta fi zakaran gida zanko.

Abin da ba ya ƙarya shi ne gashi a wajen wata uku. Ki ɗaga gashin wuya da na gadon baya kusa da wutsiya. In siriri ne mai tsini yana sheƙi, zakara ne. In bakinsa a zagaye yake, sagara ce.

Riƙe tsako ta ƙafa a juya kansa ƙasa, wai in ya miƙo kai namiji ne, na gwada, canki-canki ne kawai, ga wahalar da dabba. Duba dubura kuwa gaskiya ne, a Japan aka ƙware a kansa, amma aikin masu horo ne, hannun da bai iya ba kashe tsako yake.

Ki turo hotonsu in sun cika sati shida, daga gefe, a tsaye, cikin hasken rana. Allah ya raya miki su.