Yadda za ka shawo kan otal ya riƙa sayen kayan miya a hannunka

Ɗan'uwa, ka ce kana sayar da tumatir da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kana son wani otal a Ikeja ya zama kwastomanka, amma ba ka san yadda za ka gabatar musu da tayinka ba.

Kafin ka rubuta komai, nemi mai kula da sayayyarsu ka tambaye shi abin da ke damunsu da mai kawo musu kaya yanzu. Galibi makara ce ko ruɓaɓɓen kaya. A kan wannan za ka gina takardarka, shafi ɗaya ya isa: kwando nawa a mako, ƙarfe nawa zai iso, da alkawarin canza wanda ya lalace.

Wurin farashi mutanenmu ke cutuwa, kuma abin yana damuna. Tumatir na tsada da damina, kada ka yarda da kuɗi ɗaya na shekara guda. Ku riƙa daidaitawa wata-wata. Ka tambayi ranar biya tun farko, domin wasu ba sa biya nan take, jarinka kuwa ba zai jure dogon jira ba.

Ka tafi da takardar rajistarka ta CAC (hukumar rajistar kamfanoni) da kwando ɗaya su gani da idonsu. Ka fita da sassafe, ka san cunkoson Ketu.