Jinin biƙi ne ko zubar jini? Amsa ga maigidan da iyalinsa ta kusa sauka

TAMBAYA: Likita, iyalina na ɗauke da ciki wata bakwai, na huɗu ke nan. Haihuwar da ta wuce a gida ta yi, jini ya yi ta zuba har ta suma, sai da aka ƙara mata leda biyu a asibiti. Hajiyarmu ta ce dattin ciki ne ya fita, kuma ita 'ya'ya tara ta haifa a ɗakinta lafiya lau. Yaya ake bambanta jinin biƙi da wanda ya wuce kima? Kuma dole ne sai a asibiti za ta haihu wannan karon?

AMSA: Malam, Allah ya raba lafiya. Bari in fara da tambayarka ta biyu, don amsarta ba ta da kwana-kwana: e, a asibiti za ta haihu, kuma asibitin da ke iya ƙarin jini. Macen da ta taɓa zubar da jini har ta suma ta fi sauran mata haɗarin maimaitawa.

Hajiya ba ƙarya ta yi ba, ta haifi tara lafiya, kuma mun gode wa Allah. Amma waɗanda suka rasu a bakin ƙofar ɗaki ba sa nan balle su ba da nasu labarin. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mata kusan 260,000 ne suka rasu sanadin ciki da haihuwa a 2023, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu 'yan Najeriya ne. Zubar jini ce kan gaba wajen kashe su.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Idan ciki ya tsufa, jinin da ke ratsa mahaifa a minti ɗaya kan kai rabin lita, wani lokaci ya wuce. Da mabiyiya ta rabu, sai ta bar jijiyoyin nan a buɗe. Abin da ke rufe su shi ne mahaifar ta dunƙule ta matse su. In ta dunƙule, jini ya tsagaita. In ta saki jiki saboda doguwar naƙuda, ko tagwaye, ko yawan haihuwa, jini zai yi ta kwarara, kuma wannan ne sanadin mafi yawan zubar jinin da muke gani. Sauran kan zo daga yagewa, ko guntun mabiyiya da ya maƙale, ko jinin da ya kasa daskarewa. Jinin nan ba datti ba ne, shi ne wanda ke yawo a jikinta.

Mu a wurinmu, in jinin ya kai rabin lita cikin awa 24 bayan haihuwa, ya zama zubar jini. Ɗauki ledar fiya wata ɗaya ka duba, kusan iyakarsa ke nan. Matsalar ita ce ido na yaudara. Zani ya sha, katifa ta sha, ƙasa ta sha, sai a ce ai ba yawa. Mu ma ma'aikata ido na yaudararmu. Shi ya sa aka yi wani babban bincike mai suna E-MOTIVE a asibitoci kusan 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. Wata leda mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa tana tara jinin, da ya kai layin sai a haɗa duk matakan magani lokaci guda maimakon a gwada ɗaya a jira. Sakamakon da aka fitar a 2023 ya nuna mummunar zubar jini da abin da ke biyo ta sun ragu da kashi 60 cikin ɗari. Ba sabon magani aka ƙirƙiro ba, saurin ganewa ne da haɗa magungunan lokaci guda.

A gida, ga abin da za a lura da shi. Mace mai hankali ta ɗora hannu ƙasan cibiyar maijego. Mahaifar da ta dunƙule za a ji ta da tauri kamar ƙwallo. In an ji ta luɓus, a murza wurin da ƙarfi har ta yi tauri, a sa ta yi fitsari, a ɗora mata jariri ya kama nono. In ƙunzugu biyu ko uku sun jiƙe sharkaf cikin rabin awa, ko gudajin jini na faɗowa, ko tana jiri, gumi mai sanyi, ƙishirwa, leɓɓanta sun yi fari, to a nemi mota nan take. Kada a tsaya dafa ruwan wanka, kada a jira gari ya waye. Mace mai ƙoshin lafiya na iya cikawa cikin awa biyu. Shi kuwa jinin biƙi na gaskiya kullum raguwa yake, daga ja ya koma fatsi-fatsi, har ya ɗauke cikin kwana arba'in ko kusa da haka. In ya dawo ja da yawa bayan ya ragu, ko ya zo da wari da zazzaɓi, shi ma na asibiti ne.

Abin da asibiti ya fi ɗaki da shi, allurar oksitosin ce, mai sa mahaifa ta dunƙule, da ake yi cikin minti ɗaya da fitowar jariri, tun kafin jinin ya ɓalle. Akwai kuma allurar tiranezamik asid, wadda in an yi ta cikin awa uku take rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Inda babu firji, don oksitosin na lalacewa a zafi, ana ba da ƙwayoyin misofurostol. Amma a nan ina roƙonka da babbar murya: kada kowa ya sayo oksitosin ko misofurostol a kemis don a gaggauta naƙuda. In aka ba mace su jariri na ciki, mahaifa na iya fashewa, a rasa uwa da ɗa.

Wata biyun da suka rage naka ne. Ka raka ta awo a duba yawan jininta, ta riƙa shan jajayen ƙwayoyin ƙarin jini kullum, ba tare da shayi ba don yana hana su shiga jiki, ta sha maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro, ta kwana a gidan sauro. Wake, zogale, hanta, duk su shiga tukunya. Ka san rukunin jininta, ka tanadi mutum biyu da za su bayar. Ka ajiye kuɗin mota daban, ka karɓi lambar direban da zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare. Sannan ka faɗa a gaban kowa cewa in naƙuda ta zo ba ka nan, ka ba da izini a wuce da ita, don na sha karɓar matan da aka zaunar ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa.

Ita kuwa Hajiya, kada ka yi musu da ita. Ka roƙe ta ta raka surukarta awo na gaba, ka ce wa ungozomar asibitin ta nuna mata katin haihuwar baya da ledojin jini biyun da aka rubuta a ciki.