Tambayi Likita: Numfashina na ɗaukewa, su kuma suna ta min tambayoyi

TAMBAYA: Salam likita, dan Allah ƙorafi gare ni. Ni mai asma ce tun ina yarinya, to da hazon hunturun nan ya sauko sai ta taso min wajen ƙarfe biyun dare, na shaƙi Ventolin, shuɗiyar inhelar nan da ake fesawa a baki, har ban san adadi ba amma ƙirjina kamar an ɗora min buhun siminti. Maigidana ya kira motar asibiti, da suka iso maimakon su kwashe ni mu wuce sai suka tsaya a falo, ɗaya ya maƙala min wani abu a yatsa, ɗayan yana ta tambayata sunana da yaushe abin ya fara, ni kuwa ko kalma biyu ba na iya haɗawa, ga wani abin rufe hanci mai tururi da suka sa min naji kamar shaƙe ni ake, sau biyu ina fizge shi suna mayarwa. Daga baya hannuna ya kama rawa, zuciyata na dukan uku-uku. Wallahi har yau haushinsu nake ji. Haka aikin yake?
Wata 'yar'uwa daga Abuja

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Gaskiya kin yi dace, don kin samu waɗanda suka san aiki ne, ba direba da gadon kwanciya kawai ba.

Kinga tambayar nan da ta ƙona miki rai, ba sunanki ne ya dame su ba, awo suke yi. Mai asma da ya kasa ƙarasa jimla a numfashi ɗaya, a wurinmu ya riga ya shiga sahun mai tsanani, haka in numfashi ya kai 25 a minti ko bugun zuciya ya kai 110. Abin yatsan kuma oksijin ɗin jininki yake nunawa, ana so a gan shi tsakanin kashi 94 da 98 cikin ɗari, in ya sauka ƙasa da 92 to rai na cikin haɗari. Shi ya sa ba su tashi da ke a guje ba, hanyoyin iskar huhunki sun kumbura sun tsuke ga majina ta toshe, in ba a fara buɗe su tun a gida ba wasu a hanya suke cikawa. Mai tururin nan nebulaiza ne, salbutamol ne a ciki, wato dai maganin Ventolin ɗinki amma da yawa, wani lokaci a haɗa da wani maganin buɗe hanyoyin iska mai suna ipratropium. Shi ne ya sa miki rawar hannu da bugun zuciya, yana wucewa da kansa.

Amma fa ban wanke su tas ba. Wanda yake ganin mutuwa ƙiri-ƙiri ka zo ka rufe masa fuska ba bayani, dole ya fizge. Da ɗaya ya durƙusa yace Hajiya wannan zai buɗe miki ƙirji, ki ɗaga kai ko ki girgiza kawai, sauran tambayoyin a yi wa maigida, da yanzu addu'a kike musu. Mu ma'aikatan lafiya muna da wannan halin, hannu na aiki baki a rufe.

Ki rubuta sunan magungunanki a 'yar takarda, da ko an taɓa kwantar da ke saboda asma, ki ajiye tare da inhela. Sannan ki koma asibiti a duba maganar inhela ta rigakafi wadda ake shaƙa kullum, don shuɗiyar nan buɗewa kawai take, ba ta taɓa kumburin.

TAMBAYA: Likita mu fa a unguwarmu kafin mota ta zo an yi sallar asuba. Ƙanena ne mai asma, ya za mu yi?
Wani ɗan'uwa daga Kano

AMSA: Malam ku kira 112, amma in kun ga shiru kar ku zauna jira, a tari adaidaita. A zaune za a tafi da shi, kar a kwantar, kar a ɗura masa zuma ko manja. A riƙa ba shi shuɗiyar inhelar nan ta Ventolin, fesa ɗaya duk bayan daƙiƙa 30 zuwa 60, har sau 10, kuma ya fi shiga in kun huda gindin gorar ruwa ta roba kun cusa bakin inhelar, shi ya ja ta bakin gorar. In kukan kyanwar da ƙirjinsa ke yi ya ɗauke alhali yana ƙara galabaita, ko harshensa ya koma ruwan toka, ko ya fara gyangyaɗi, ba sauƙi ba ne, iskar ce ta daina shiga. Ku nufi asibitin da kuka san akwai oksijin, kai tsaye ɓangaren gaggawa, kati daga baya.